Ranar Da Ganga Ta Ƙwace Bulala

Abubuwa da yawa sun shige mini a duniya, boko ma a ajin farko na sakandare na baro shi, amma gayyar huɗar da aka yi a gonar surukina a Farin Dutse, har in koma ga Allah ba za ta bar raina ba.

Kafin damina ta faɗi aka kira masu shanun huɗa bita a Birnin Kudu. Wata likitar dabbobi ta nuna mana yadda karkiya ke cin wuyan sa. Ta ce a naɗe ta da tsumma, a shayar da shanu, a hutar da su in rana ta take, a ajiye bulala. Muka tafa, aka raba huluna, aka watse. Ni dai maganar ta shige ni, don jan bijimina yana da miki a wuya. Na dawo ina faɗa wa mutane, suka laƙaba mini Likitan Shanu. Mutanenmu ke nan, hular suka kawo gida, maganar suka baro a mota. Mutum ɗaya ne ya saurare ni, wani makaɗin gangar noma da muke shan shayi tare a kasuwar Gwaram. Yana tambaya yana dariya, na ɗauka shi ma ba'a yake yi.

Ranar gayya surukina, wanda muke kira Baba, ya ce da shanuna zai yi huɗa. Wa zai hana suruki? Ya dubi tsumman da na naɗa wa karkiya ya ce, "Wannan kuma zanen goyo ne?" Ya warware ya yar. Ba a yi nisa ba mikin ya buɗe, bijimin ya gurfana, Baba ya shiga zuba masa bulala. Na san in aka ci gaba a haka ba zai ƙara jan garma ba a daminar, kuma shi ne abincin gidana. Ga ni tsaye, ga baki, ba damar magana.

Sai na ji ganga ta sauya. Makaɗin nan ya matso kusa da Baba ya ɗaga murya: "Sarkin Bulala, sannu da aiki. Kowa na huɗar ƙasa, kai kana huɗar sa. In fatar ta nuna, a sam mana dami!"

Gona ta kaure da dariya. Matan da suka kawo fura suka cafe amshi har da guɗa. Baba ya juyo fuska a murtuke ya ce, "Kai, da ni kake?"

"Da bulala nake, Baba," in ji makaɗin. "In ka ajiye ta, na rasa abokin magana."

Baba ya daɗe yana duban bulalar, sannan ya wurga ta cikin ciyawa. Bai dube ni ba, sama ya kalla ya ce, "Wani ya ɗauko tsumman nan." Da gudu na je, hulata ta faɗi ban tsaya ɗauka ba. Aka kwance bijimin aka kai shi inuwa, aka ɗaura wani. Nan take ganga ta koma yi wa Baba kirari, ni da ba na rawa sai ga ni ina takawa.

Yau shekaru sun ja. Ɗaga bulala a gonakinmu ka gani, daga gonar maƙwabci za a kira maka Sarkin Bulala, hannunka ya sauka da kansa. Karkiya ba tsumma abin kunya ce. Ba wanda ya ce mini sannu, cewa suke ma tun kakanni haka suke yi. Su je, bijimina ya warke, ya yi mini huɗa har ya tsufa.

Abin da na koya shi ne, tausayin da aka koyar a kan benci ba ya kwana. Sai ya shiga bakin mutane, maƙwabci na tuna wa maƙwabci, sannan yake zama hali.