Malam Ndaceko da Titin Gaban Kasuwa

Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, 1991, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ndaceko a Kagara, bayan jinyar kwana tara. Labarin bai iso ofishinmu na tsara gari a Minna ba sai washegari, ta bakin wani direba da ya kawo doya, lokacin an riga an yi masa sutura. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya.

Malam, ni ne Barau, abokin aikinka na shekara bakwai a ɗaki ɗaya, kuma ni ne na miƙa maka takardar da ta kai ka Kagara. Na faɗi wannan tun da fari, don kada wani ya karanta yabon da zan yi maka ya zaci mai hannu tsarkakakke ne ya rubuta.

Mun haɗu a 1976, shekarar da Minna ta zama babban birnin jiha. Kai ne babba a sashen hanyoyi, ni kuwa mai zane. A watan farko na yi kuskuren awo a wata taswira, har aka haƙa ramin kwata a inda bai kamata ba. Da shugaban ofis ya kira mu, kafin in buɗe baki ka ce kai ne ka duba ka sa hannu, don haka laifinka ne. Da muka fito ba ka ƙara tayar da maganar ba, sai dai ka zaunar da ni muka sake awon tare.

A 'yan shekarun da suka biyo baya motoci suka cika gari kamar an zubo su. Inda abin ya fi muni shi ne titin gaban kasuwa. Motoci a ajiye hagu da dama, wani lokaci layi biyu-biyu, manyan motoci na sauke kaya da tsakar rana, tasi na tsayawa duk inda fasinja ya ɗaga hannu. Mai tafiya a ƙasa ba shi da wuri sai ɗan tsakanin jikin mota da bakin kwata a buɗe. Kana da babur, amma a ƙasa kake zuwa aiki daga unguwar Barkin Sale. Na tambaye ka dalili, ka ce wanda ke kan babur ba ya sanin faɗin hanya, ƙafa ce ke sani.

Wata safiya a 1979 kana tafe ka tarar da taron mutane. Wata dattijuwa ce mai sayar da nono, Hajjo, da ke zuwa daga wajen Tudun Fulani. Babbar mota ta yi baya, wata kuma na ajiye a gabanta, ba inda za ta kauce sai cikin kwata. Ta faɗa, ƙugunta ya karye. Kai ka shiga ruwan ka ɗauko ta, kai ka kai ta asibiti, kuma har aka sallame ta ba ka yi kwana biyu ba ka leƙa ta ba. Na raka ka sau ɗaya. Tana kwance ta dube ka ta ce, "Malam, ni fa ba tsallaka titi nake ba. A gefe nake. To ina kuma ake so in bi?"

Hajjo ba ta sake ɗaukar ƙwarya ba. Kai kuma ba ka sake samun sukuni ba.

Shekara uku muna aikin tsarin gyaran titin nan. Ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba. A rufe kwata da murafun siminti ta zama hanyar masu ƙafa, faɗinta ya isa mata biyu masu kaya a ka su wuce juna ba tare da sun karkace ba. A share filin bayan kasuwa ya zama wurin ajiye motoci. Manyan motoci su sauke kaya da sassafe kafin kasuwa ta cika. A yi wuraren tsallakawa uku, a dasa itatuwa domin inuwa. Ka sha tsayawa a rana kana ƙirga motoci da mutane, har 'yan tasha suka sa maka suna Mai Ƙidaya.

A 1982 aka ba mu izinin gwaji. Ba a ba mu siminti ba, sai ka samo tsofaffin gangunan mai, muka cika su da yashi, muka shafa musu farin fenti, muka jera su a gefen titi. Mako goma sha ɗaya suka yi a wurin. A makonnin nan ba a buge ko mutum ɗaya ba. Na ga tsofaffi suna tafiya suna hira ba sa waiwaye. Na ga mata sun daina riƙe hannun 'ya'yansu kamar za su ɓalle shi. Wata mai tallar gyaɗa ta tare ka ta cusa maka ƙulli a aljihu, ka yi ta ƙi, ta ce in ba ka karɓa ba za ta yi fushi.

Amma masu manyan shaguna ba su ji daɗi ba. Sun ce masu sayayya sun saba tsayar da mota a bakin ƙofa, ba za su taka daga bayan kasuwa ba. Akwai kuma wani attajiri da motocinsa suka saba kwana suna wuni a wurin, wanda maganarsa ke isa inda tamu ba ta isa. Shugaban ofis ya kira mu, ya ce a kwashe gangunan, a kuma rubuta rahoto cewa gwajin bai yi nasara ba.

Ka ce, "Ranka ya daɗe, ganguna naku ne, ku kwashe. Amma ba zan rubuta abin da idona bai gani ba."

Ya juyo gare ni. Na tuna gidan gwamnati da nake ciki, na tuna 'ya'yana shida. Ni na rubuta rahoton, Malam. Bayan wata huɗu takardar canjin wurin aikinka ta fito, aka ba ni in kai maka, aka kuma ba ni kujerarka. Ka karanta, ka ninke, ka ce, "Barau, fayil ɗin tsarin yana kabad na biyu. Ka riƙa kaɗe masa ƙura."

Shekara takwas ka yi a Kagara, a ofis mai tebur ɗaya, inda ba a buƙatar abin da ka sani. Ba ka iya ajiye aiki ba, ga yara a makaranta, ga shekarun fansho da saura. Ba ka kuma iya dawowa ba. Kowace shekara kana rubuto takardar neman a maido ka, ta biyo ta teburina, in rubuta "a duba" in tura sama, shi ke nan ba a sake jin ɗuriyarta. Duk da haka kowace kaka sai ka aiko mini da sabon zanen titin. Da 'yan kabu-kabu suka fara yawa, sai ga zane ya zo har da wurin tsayawarsu, alhali da jin labari kawai ka san su a titin. Ba ka taɓa haɗawa da kalmar zargi ko ɗaya ba. Da ka zage ni, da wataƙila na samu sauƙi.

Ni ma ban fita ba, Malam. Shugabanni huɗu na gani bayan tafiyarka. Kowanne na nuna masa zanen, kowanne ya ce tsari ne mai kyau, a jira lokacin da ya dace. Ba zan iya aiwatarwa ba, ba zan iya ƙonawa ba, ba ni da ƙarfin halin da zan tashi daga kujerar. Kullum ina bin titin a mota, mutane na goga jikinsu da ƙofata suna neman inda za su sa ƙafa. In zan shiga kasuwa, ni ma a gefen titin nake ajiye motata, domin filin baya har yau ciyawa ce.

Ranar Alhamis na je Kagara sadakar uku. Bayan an watse, mai ɗakinka Adama ta sa aka shigar da ni in yi mata gaisuwa. A kusurwar ɗakin na ga akwatuna uku a ɗaure da igiya, igiyar ta yi baƙi don daɗewa. Ta ga ina kallonsu, ta ce tun ranar da kuka sauka ka hana a kwance su. Ta ce ta so ta dasa mangwaro a tsakar gida, ka ce ta bari, ba zama kuka zo yi ba.

"In na fita takaba za mu koma Barkin Sale," in ji ta. "Shi kam a nan za mu bar shi."

Na gaya mata abin da na yi, duka, na roƙe ta gafara. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam Barau, bai taɓa ambatonka da sharri ba, ko a gabana. Amma wannan yafiyar ba a hannuna take ba."

Na san gaskiya ta faɗa. Shekara takwas tafiyar da ba ta kai rabin wuni ba ce tsakaninmu, na kasa zuwa in faɗa maka da bakina. Yanzu sai dai in rubuta inda ba za ka karanta ba.

Allah Ya jiƙanka, Malam Ndaceko. Allah Ya gafarta maka kurakuranka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sanya ɗawainiyar da ka yi wa bayinSa masu tafiya a ƙasa a mizaninka, Ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Malama Adama da 'ya'yanka biyar, da 'yan'uwanka na Minna da na Kagara. Allah Ya ba su haƙurin rashinka, Ya raya abin da ka bari. Ni kuma, duk wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ni a addu'a, Allah Ya yafe mini haƙƙin bawan nan.

Barau,
Minna.