Malam Sa'id Madu, Makanikin da Ya Ƙi Sa Hannu

Haihuwa da Karatu

An haifi Malam Sa'id Madu a shekarar 1956 a unguwar Abbaganaram ta birnin Maiduguri. Mahaifinsa Madu maƙeri ne, sunan mahaifiyarsa Zainaba. Bayan ya sauke Alƙur'ani ya kammala sakandare, ya tafi Zariya a 1976 ya koyi gyaran jirgin sama.

Aiki da Iyali

A 1981 wani ƙaramin kamfanin haya ya damƙa masa kula da jirginsa tilo, mai inji biyu da kujeru shida, wanda aka ƙera tun Sa'id yana makarantar allo. Fasinjoji na ɗaukar inji na biyu kariya ce. Shi kuwa ya san wahala ce ninki biyu, ga yoyon mai, ga kayan gyara da sai sun yi wata uku a hanya. Al'adarsa ita ce, bayan kowane gyara, ba ya sa hannu a takardar izinin tashi sai ya hau jirgin da kansa an gwada. Ya auri Fanna a 1983.

Shekarar 1998

A watan Afrilu, ana tsananin zafi, injin hagu ya mutu jim kaɗan bayan tashin gwaji, daga shi sai matuƙin jirgin, Kashim. Su biyu kacal, amma ɗaya injin ya kasa ɗaga su, da ƙyar suka sauka. Da aka gyara, mai kamfanin ya nemi a kai mutum biyar Kano. Sa'id ya ƙi sa hannu, ya ce: "Ranka ya daɗe, wanda bai iya ɗaukar biyu ba, ba zai ɗauki shida ba." Aka sallame shi yana da 'ya'ya huɗu, abin kuma ya yi masa ciwo ƙwarai. Sai dai babu makanikin da ya yarda ya sa hannu bayansa, jirgin bai sake tashi ba. Sa'id ya koma gyaran janareta a unguwar Dala ta Maiduguri har ƙarfinsa ya ƙare.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa a 2023 bayan gajeruwar jinya, aka yi jana'izarsa a maƙabartar Gwange. Ya bar matarsa Fanna da 'ya'ya huɗu: Umar Faruk, Siddiƙa, Bala da Khairunnisa. A wurin ta'aziyya, Kashim ya roƙi a ƙara nasa uku da aka haifa bayan 1998 a cikin lissafin 'ya'yan marigayin, domin ƙin sa hannun nan ne ya sa ya rayu har ya haife su.