Yondon Ya Ɗumama Sabuwar Mota

Shekara talatin Yondon ya yi yana kai likita wurin makiyayan lardin Arkhangai a wata tsohuwar mota mai ja da ƙafa huɗu. Ta ratsa koguna, ta hau duwatsu, ba ta taɓa yasar da shi a daji ba. Dabararsa ɗaya ce: idan sanyi ya daskarar da baƙin mai, sai ya hura wutar busasshen kashin shanu a ƙarƙashin injin, ya shiga ɗaki ya sha shayinsa mai gishiri, ya fito ya murza makulli.

Da tsufa ya kama shi, 'yarsa Narantuya ta kawo masa jif sabuwa fil daga birni. Washegari da safe sanyi ya tsananta, Yondon ya yi wa baƙuwar irin gatan da ya saba yi wa tsohuwar. Bai kai rabin shayin ba ya ji ƙaurin roba. Yana leƙowa, kofi ya suɓuce masa: wuta ta riga ta cinye gaban motar.

Narantuya ta fito ba takalmi, hannu a ka. "Baba! Me ka yi? Cikinta duk roba ne!"

"Roba?" in ji Yondon. "Wane mara imani ne zai sa wa mota roba a ciki, ya aiko ta ƙasar sanyi?"

Da rana ya ɗaura wa gawar jif igiya. Tsohuwar ce ta ja ta, bayan ya hura mata wutarta.