Ranar da Yaya Ya Ɓoye Sandunansa

Ina bakin aiki a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta Jidda, inda muke haɗa tagogin alminiyam, wayata ta yi ƙara. Yayana ne. Ko sallama bai yi ba.

"Auta, sun ɗauke motar."

"Su wa?"

"Murur."

Murur su ne 'yan sandan hanya. Na tambaye shi ko ya buge wani, ya ce a'a. Ko sun kama shi, ya ce a'a, ga shi nan zaune a ƙofar wani kantin magani kusa da asibiti, in zo in ɗauke shi. Muryarsa ce ta fi tayar mini da hankali. Yaya mutum ne mai baki, ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sa wani ya danne dariya, amma ranar a hankali yake magana kamar akwai mai tsaye a kansa.

Shan inna ta taɓa masa ƙafafu tun yana ƙarami, kafin iyayenmu su zo da mu Jidda. Da sanduna biyu yake tafiya. Motarsa tsohuwa ce mai canza giya da kanta, wani mai walda Bahaushen Sudan ya haɗa masa ƙarfe a gefen sitiyari: in ya ja, totur, in ya tura, birki. Da ita yake ci. Mata ba sa tuƙi a lokacin, kuma mazan unguwarmu Mahjar da ba za su bar matansu su shiga tasi ba, suna sakin jiki su bar su a motar Yaya, ya kai wannan asibiti, ya kai waccan kasuwa. Yakan ce shi ne namijin da aka fi yarda da shi a unguwa, don kowa ya san ko ya yi laifi ba zai iya gudu ba.

Matsalar ɗaya ce. Kafilinsa, ɗan ƙasar da ya tsaya masa a takarda, ya rasu, magada suka rufe shagonsa, takardun suka tsaya, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu a hannunsa. Shi ya sa motar take da sunana, ni da tawa ke da rai. Haka ake yi a unguwarmu, mai takarda ya ara wa marar takarda sunansa, ba wanda yake ganin abin a bakin komai. Katin da ake bai wa nakasassu su liƙa a gilas kuwa, sai da iƙama mai rai ake samunsa, don haka Yaya ba shi da shi. Duk da haka yana ajiye mota a wurin da aka shafa wa shuɗin fenti da hoton keken guragu, kuma duk askarin da ya ga yadda yake fitowa daga mota sai ya kau da kai.

Na same shi a kan benci, hannuwansa a kan cinya. Mai kantin, wani Bamisire, ya tare ni tun kafin in ƙarasa. Ya ce wani askari ya ga motar a wurin shuɗin fenti ba kati, ya daɗe yana kira, yana cewa ina mai motar nan, har ya leƙo cikin kanti ya tambaya. Ya rubuta takardar tara, ya sake jira, sannan ya kira motar janwe.

"Da ɗan'uwanka ya ɗaga hannu kawai, wallahi da magana ta ƙare," in ji shi.

Na juya na dubi Yaya. Sai a lokacin na lura babu sanduna a gefensa. Na sunkuya, ga su can ƙarƙashin benci, ya tura su har jikin bango.

"Yaya, me ya kai su nan?"

"Ni na sa su."

"Abin da zai wanke ka shi ka ɓoye?"

"In ya gan su zai san motar tawa ce. In ya san tawa ce zai ce iƙama."

Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta faɗa a bakin titi har mai kantin ya ce in yi a hankali. Amma ko ina faɗan na san abin da ya yi shi aka koya mana. Tun muna yara, in aka ce ga gwamnati, marar takarda ba ya motsi, ba ya magana, ba ya mallakar komai. Na ga mata sun bar farantin kayan sayarwarsu a titi sun yi gaba kamar ba nasu ba. Yaya ba zai iya yin gaba ba, sai ya zauna yana kallo aka ɗaure motarsa aka ja.

Washegari na nemi izini a wurin aiki na tafi hajiz, filin da suke tara motocin da aka kama. Niyyata in biya in ɗauko, a wuce wurin. Ma'aikacin filin ya raka ni har gaban motar, ya buɗe ƙofa, ya ga ƙarfen. Ya ja shi, ya tura shi, ya dubi ƙafafuna.

"Wannan na mene ne? Kai lafiyarka ƙalau."

Na ce na ɗan'uwana ne. Ya ce ba a rubuta gyaran a takardar mota ba, don haka ba zai sake ta haka ba. Ko dai in kawo mai walda a cire ƙarfen a gabansa, ko in je ofis in ɗaukaka ƙara, babban jami'i ya sa hannu. In aka cire ƙarfen, motar ta zama ta kowa ban da Yaya, kuma mai waldan da ya haɗa shi ya daɗe da komawa Sudan.

A ƙofar ofishin murur akwai masu rubuta wa mutane ƙorafi, kowa da ɗan teburinsa a ƙarƙashin laima. Na zauna gaban wani dattijo na ba shi labari, na tsallake abin da ya kamata in tsallake. Ya rubuta da Larabci mai nauyi irin wanda ban iya ba, ya cika shi da addu'a ga hukuma. Na bi layi har aka shigar da ni wurin jami'in, mutum siriri mai furfura a gemu, wanda ba ya ɗaga kai in yana magana. Ya karanta, ya ajiye.

"Ka ce nakasasshe ne ke tuƙa ta."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Ina katinsa?"

"Bai samu ya yi ba."

"To kawo shi in gan shi. Kullum sai masu ƙafa biyu sun zo nan sun ce mini suna da gurgu a gida."

Na fito ina lissafi. In Yaya ya zo, aka tambaye shi iƙama, daga nan sai tarhil, gidan da ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Ƙasar da ya bari yana ɗan yaro, ba ya da kowa a can da zai ɗauke masa ko butar alwala.

A gida na ce masa mu haƙura. A cire ƙarfen, in sayar da motar, in Allah ya kawo wani kafili a sake sabon lale. Yana zaune a tabarma, ya jingina da bango. Kwanakin nan da ba mota na ga yadda ya koma. Wayarsa na ta ƙara, mata na tambaya ko zai kai su, yana cewa motar tana gareji. Daga ɗaki sai ƙofar gida, daga ƙofar gida sai ɗaki.

"Za ni," in ji shi.

"Yaya, ka san abin da kake faɗa?"

"Na sani. Na ɓuya an ɗauke mota. In na sake ɓuya me kuma za a ɗauka? Halas, gobe ka samo tasi."

Na yi masa magiya, na yi masa faɗa, har na ce in aka kama shi ba ruwana, maganar da shi da ni muka san ƙarya ce. Da safe na tarar ya yi wanka, ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a. Ya miƙo mini makullin akwatinsa ya ce in riƙe. Ban tambaye shi dalili ba, don na gane.

A ƙofar ofis akwai askari mai duba takardun masu shiga. Na miƙa tawa, ya duba, ya juya wajen Yaya. Daidai nan akwai 'yan matakala, Yaya ya riga ya fara fama da su, ya ɗora sanda ɗaya, yana jan jiki, gumi na zuba. Askarin ya miƙo mini iƙamata da sauri ya kama masa hannu.

"A hankali, ya hajji. Yalla, bismilla."

Ya haye da shi har sama ya koma bakin aikinsa.

Muka zauna a layi. Takalmin ƙarfen da ke tallafe ƙafar Yaya yana ƙara duk lokacin da ya gyara zama, mutane na juyowa. Wani tsoho ya ce a bar mu mu wuce gaba, na ji kamar in roƙe shi ya yi shiru, don ban ƙi mu kwana a layin ba. Aka buɗe ƙofa aka kira mu.

Wannan karon jami'in ya ɗaga kai. Ya bi Yaya da kallo tun daga ƙofa har kujera, bai ce ya yi sauri ba, bai kuma ce a taimake shi ba. Da ya zauna, ya jawo takardar ƙorafin.

"Kai ke tuƙa motar?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Askari ya rubuta cewa ya yi ta kira ba wanda ya amsa. Kana ina?"

"Ina wurin. A kan benci."

"Kana ji?"

"Ina ji."

"To me ya hana ka magana?"

Na buɗe baki zan ce ba ya jin Larabci sosai, Yaya ya ɗora hannu a gwiwata.

"Tsoro," in ji shi.

"Tsoron me?"

Jami'in bai jira amsa ba, ya miƙo hannu.

"Lasisi."

Lasisin yana da sauran rai, amma lambar iƙama na jikinsa. Yaya ya zaro ya miƙa. Mutumin ya duba gaba, ya duba baya, ya jawo allon kwamfuta kusa da shi, ya ɗora yatsunsa a kai. In ya buga lambar nan, komai zai fito. Ina kallon yatsun, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi ma ban ƙarasa ta ba. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye hannunsa, ya ɗauki biro.

Ya yi rubutu a ƙasan takardar, ya buga hatimi, ya ce an soke tarar, a saki motar da ƙarfenta. Ya tura wa Yaya lasisinsa a kan tebur.

"Lasisi na tambaye ka, shi ka ba ni. Ka gane?"

"Na gane, Allah ya ƙara girma."

"Kati kuwa ba zan iya ba ka ba, ka san dalili. In aka sake rubuta motar nan a wurin ajiyar nakasassu, takardar teburin nan za ta dawo, kuma ba kullum ni ke zaune a kai ba."

Daga nan muka wuce hajiz. Yaya ya shiga motarsa, ya jefa sanduna a baya, ya kama ƙarfen ya ja, ya tura, ya gyara madubi. A hanya bakinsa ya dawo, ya ce ya ga lokacin da na kusa sumewa, wai da na faɗi da shi zai ɗauke ni. Na yi dariya, hawaye na zubo mini, ban damu in share ba. Na ɗauka mun yi nasara.

Bayan 'yan kwanaki haƙori ya dame ni, Yaya ya ce zai kai ni asibitin nan. Ana gab da azahar muka isa, rana ta take. Wurin shuɗin fentin ba kowa, ga shi dab da ƙofa. Yaya ya wuce shi ko kallo bai yi ba. Ya wuce layin motoci, ya zaga bayan gini, ya tsaya a wani fili mai tsakuwa can nesa, ya kashe mota.

"Yaya, ga wurinka can ba kowa."

"Na gani."

"To ai an wanke ka. Da hatimi."

Ya jawo sandunansa daga baya, ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya da hannu.

"Bar shi, Auta. Na masu takarda ne."

Ya miƙe ya kama hanya. Tsakuwa na zame masa, yana tsayawa yana gyara riƙo, bayan jallabiyarsa ya jiƙe tun ba mu kai rabi ba. Na rage sauri na bi shi a baya, baƙin ciki ya cika ni har na manta da haƙorin. Da muka zo daidai shuɗin fentin, wata babbar mota ta shigo ta tsaya a kai, wani mutum ya fito da ƙafafunsa biyu yana waya, ya shige ciki. Yaya ya dakata ya ba shi hanya.