Kawu Danladi da Ɗorawar Bayan Gida

Duk wanda ya bi ta bayan gidanmu a Zuru da hantsi ya san zai ji Kawu Danladi yana faɗa, ba da mutum ba, da littafi! Tsohon soja ne, ƙanen mahaifiyata. Tun da 'yarsa ta Abuja ta fara aiko masa da sababbin littattafan nan na tsirrai da naman kaza, kunnenmu bai ƙara hutawa ba. Zai zauna a gindin ɗorawa, ya karanta layi biyu, ya doka littafin a cinya ya ce, “Ƙarya kake! Ka taɓa zuwa Zuru?” Can kuma ka ji ya sauko, “To, nan ka yi gaskiya.”

Inda ya fi ba su gaskiya shi ne wai akwai wani farin zare a ƙarƙashin ƙasa, jijiyar naman kaza, kuma ta nan babban itace ke aika wa ƙanana abinci. Daga ranar ɗorawarmu ta zama uwa, ko shara ya hana a ƙona a gindinta. Mama Saratu, matarsa, ta ce, “Shekara da shekaru ina ciyar da gidanga ba ka taɓa ce mini uwa ba, sai icce?”

Ya ce, “Ita ba ta gori.”

Wata damina ya dawo daga gona da hula cike da naman kaza, yana nuna wa kowa hotonsu a littafi. Mama ta ce ba dai a tukunyarta ba. Ya dafa da kansa, ya cinye yana santi. Wayyo! Ranar ya wuni yana fareti tsakanin ɗaki da bayan gida. Da na je duba shi na ce, “Kawu, ashe littafi na ƙarya?” Ya buɗe ido ɗaya ya ce, “Littafi bai yi ƙarya ba. Cikina ne bai iya Turanci ba.”

Rigimar gaske ta taso ne da titi ya biyo ta bayan gida. Ishaya, babban ɗansa, ya ƙudura sai an sare ɗorawar an jera shaguna. Ya ɗauko mai injin yankan itace daga Dirin Daji a ɓoye, sai ga Kawu ya fito cikin tsohon kakinsa, maɓallan ciki sun ƙi haɗuwa. Ya jingina da ɗorawar ya ce, “Fara da ni.”

Mutumin ya kashe inji ya ce, “Baba, mu icce aka ce muna, ba soja ba.”

Ishaya ya ja ni gefe ya ce a bar tsohon, shi zai iya jira har ranar da tsohon zai kwanta dama. Ashe kunnen Kawu ya fi idonsa aiki.

Bayan wani lokaci Kawu ya kwanta ciwo. Da ciwon ya ci ƙarfinsa, sai ya sa aka kira fasto da dattawan unguwa, ya ce a gabansu, “A gindin ɗorawa za ku binne ni.” Ishaya ya fara cewa, “Baba, ai ga maƙabarta...” Kawu ya ce, “Ka gina shagon a kaina in ka isa!” Ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Da mutane suka ragu a ɗakin, ya riƙe hannuna ya ce a hankali, “In zaren nan gaskiya ne, ni ma zan shiga cikinta. In ta yi 'ya'ya ku ci, kada ku ji ƙyama.”

Da Kawu ya rasu, Ishaya ne da kansa ya sauka cikin kabarin a gindin ɗorawar. Ya hana a sa diga inda jijiyoyi suke, ya riƙa yakice ƙasar da hannu yana kuka.

Ya Ubangiji, ka ba Kawu hutawa, ka ta'azantar da Mama. Ya sha gardama a duniya, ka karɓe shi haka nan.