Littafin Hulusi da Kusurwar Gonar Zaitun

Shekara talatin Hulusi ya yi yana raba wasiƙu a ƙauyukanmu na gefen Canakkale, kuma ni da nake sayar da shayi a bakin dandali ban taɓa sakin jiki da shi ba. Mutumin da ya san abin da ke shiga kowane gida, amma ba wanda ya san abin da ke cikin nasa, dole a sa masa ido. Da ya ajiye aiki sai ya koma gonar zaitun ta gado. Akwai wata kusurwa a gonar da garma ba ta taɓa bi ba tun zamanin kakansa. Duk Alhamis yakan kai mata tulun ruwa, alhali ba a shuka komai a wurin ba. Ko akuya ce ta ratsa, sai ya bi ta da jifa. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: kada kowa ya taɓa ƙasar nan.

Mu kuwa a nan, in mutum yana gadin fili haka, ba sai an tambaya ba. Zinariya ce aka binne lokacin yaƙin duniya na farko.

Ga kuma littafinsa. Kullum bayan la'asar zai zauna a teburin bakin taga, ya raba shafi biyu da layi, ya rubuta Turkanci a dama, a hagu kuma wasu kalmomi da ba su yi kama da maganar mutane ba. Wata rana ina ajiye masa kofi na leƙa.

"Kawu Hulusi, wannan yaren aljanu ne?"

"Yaren Maori ne, mutanen wani tsibiri can ƙarshen duniya. Ka san namu, sai mu ɗauki kalma mu yi ta ɗaura mata jela har ta kai tsawon igiya. Su kuwa kowace kalma da buɗaɗɗen baki take ƙarewa, kamar mai kiran wani daga nesa."

"To me ya haɗa ka da su? Surukanka ne?"

"Ina neman inda muka haɗu ne."

"Ka samu?"

"Shekara ashirin, ban samu ba," in ji shi, ya rufe littafin.

Ban yarda ba ko kaɗan. Wa zai yi shekara ashirin yana neman abin da babu? Na kwashe zancen na kai wa Zekai direban babbar mota, wanda ke da na'urar gano ƙarfe a ƙasa ya ɓoye ta a rumbun uwarsa. Zekai ya buga tebur ya ce, "Wallahi taswira ce, tsohon nan ya raina mana wayo!" Da wasiƙu masu baƙon kan sarki suka fara zuwa wa Hulusi, sai muka ce magana ta fito, ya samu mai saye.

Hulusi ya ji ƙishin-ƙishin. Ya same ni ina wanke kofuna.

"Nurettin, na san kunnenka ya fi butarka aiki. Ku bar min wurin nan. In kuka tona, ni kuka tona."

Na rantse masa ban san komai ba. A raina kuwa cewa na yi, ga shi nan, tsoro ya kama shi.

Ran nan cikin Afrilu, watan da baƙi ke zuwa ziyarar kaburburan yaƙi, muka ga ya sa kwat ɗinsa ya tafi bakin jirgin ruwa. Da rana tsaka ni da Zekai muka shiga gonar. Na'urar ta yi ƙara a kusurwar nan. Ni na riƙe diga. Na haƙa ya kai gwiwa, ba mu samu komai ba sai wani maɓalli mai tsatsa, sai ga ƙarar mota. Muka laɓe bayan itatuwa kamar ɓarayin kaji.

Hulusi ne da wata tsohuwa mai ƙiba, sanye da baƙaƙen kaya, da ɗan koren dutse a wuyanta. Daga baya na ji sunanta Ripeka. Tun daga bakin gona ta tuɓe takalmi, ta ɗaga murya, wani dogon kira mai rawa, rabi waƙa rabi kuka. Ban fahimci ko kalma ɗaya ba, amma tsigar jikina ta tashi.

Inna Nezahat, uwar Zekai, tana tsinkar ganyen miya a gonar maƙwabta. Ta yar da kwandon ta taho da gudu.

"Wa ya mutu? Wa aka rasa?"

Ta dubi baƙuwar, ta dubi ƙasar, sai ta dafe ƙirji ta ɗauki namu kukan makoki, irin wanda ta yi ranar da aka binne mijinta. Su biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, wannan ta ja, wannan ta karɓa.

A lokacin Hulusi ya ga ramin. Bai yi ihu ba, na so a ce ya yi. Ya juyo daidai inda nake.

"Fito, mai shayi."

Na fito da digar a hannu.

"Kakana ne ya tsince shi a nan, saurayi, yana numfashin ƙarshe. Sojan abokan gaba ne a yaƙin nan, amma ya ba shi ruwa, ya rufe shi da hannunsa. Ya ɓoye saboda bakin irinku. Ɗan littafin addu'a na yaren Maori ne kawai a aljihunsa, da sunansa a ciki. Shi nake ta ƙoƙarin karantawa, don in san wa nake shayarwa. Wannan jikar ƙanwarsa ce. Ga zinariyarku."

Kunya ta hana ni ɗaga kai. Na miƙa wa Ripeka maɓallin, ta karɓa ta runtse shi a tafinta.

"Mayar da ƙasar," in ji Hulusi. "Da hannu."

Na durƙusa na mayar. Da na gama, ya tsiyaya ruwa a kan wurin kamar yadda muke yi wa namu. Ripeka ta tara hannu ya zuba mata sauran, ta wanke, ta yayyafa a kanta. Hulusi ya ce ta ce a bar mamacin a nan, yana da masu kula da shi.

Bayan shekara biyu ƙafafun Hulusi suka gaza. Yanzu ni nake kai tulun duk Alhamis, ba wanda ya sa ni. In na dawo ina bi ta ƙofarsa da tulun a juye don ya gani. Yakan gyaɗa kai daga kan kujera. Amma tun ranar bai ƙara shan shayina ba.