Randar Inna Kulu

Duk wanda ya taɓa hawa benenmu a unguwar Tandabawi da ke Makka ya san Inna Kulu ba ta amsa gaisuwa da kyau sai baƙo ya sha ruwanta. Kowace Juma'a da safe takan kifa randarta a kan garwashi, ta jefa ɓawon itacen hano irin na garinsu, ta bari hayaƙi ya ratsa ta, sannan ta zuba ruwa. Ku da kuka sha kun san sauran. Ɗaci ne ke fara tarar harshe, sai hayaƙi ya fito ta hanci, kamar mutum ya lashi tsohuwar ƙofa. In ka daure ka haɗiye, can ƙarshe wani ɗan zaƙi yakan tsaya a maƙogwaro. Ni jikarta ce, ba ni da yawan magana, don haka fuskokin baƙi nake kallo. Yawancinsu idonsu kan kawo ruwa kafin su ce sun gode.

Dokarta ɗaya ce, zalla ake sha. Wani azumi Kawu Sale ya dawo daga tuƙin bas a Aziziyya da subiya mai sanyi, wani farin abin sha mai zaƙi na Larabawa; da aka sha ruwa ya faki idonta ya tsiyaya a kofinsa.

"Sale, me ka yi wa ruwana?"

"Inna, ɗan taimakonsa na yi."

"Shi ya ce maka ba shi da lafiya?"

Ta karɓi kofin ta kurɓa, sannan ta ce, "Ka ga ikon Allah! Subiyar ce ta ji kunya." Na ɗanɗana ragowar a ɓoye. Gaskiyarta, itacen ne a sama, zaƙin yana ƙasa a raɓe.

Shekara talatin da ɗoriya ba ta ga garinsu ba, tun da ta zo aikin Hajji ta zauna ba takarda. Hanon nan alhazai ke kawo mata, ita kuma da reza take fere shi, siri-siri kamar farce. Wata shekara wani alhajin garinsu ya manta saƙon, ya zo mata da atamfa mai tsada. Ta juya ta gaba da baya.

"Alhaji, wannan ƙona ta zan yi, ko jiƙawa?"

Haka ya sauka da atamfarsa a hammata.

Bara, lokacin zafi, ciwon ƙoda ya kwantar da ita. Likita ya ce lallai ta riƙa shan ruwa da yawa. Sai ga shi hanon ya ƙare, alhazai kuma saura wata huɗu. Aka kawo na firji, ta kau da kai. "Wannan ba ruwa ba ne, sanyi ne kawai." Zamzam kaɗai take karɓa, shi ma kurɓi uku don albarka. Leɓenta ya tsattsage. Mama ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta koma kuka a kicin.

Ran Alhamis da aka tashe mu daga makaranta na tsaya shagon mai turare. Da ƙyar na iya buɗe baki na kwatanta masa. Bai san hano ba, ya ba ni wani guntun itace ya ce in gwada. Washegari na kifa randar yadda na sha ganinta tana yi, na kai mata kofi.

Ta shinshina. Ta kurɓa, ta daɗe da shi a baki.

"'Yar shiru, wannan ba ɗan garinmu ba ne."

Na sunkuyar da kai. Idonta ya sauka kan yatsana, inda garwashi ya taɓa ni.

"Wa ya kifa randar?"

"Ni ce, Inna."

"Ke kaɗai?"

Na gyaɗa kai.

"To ɗauko madara ki sa wa ruwan. Baƙo ne, a rufa masa asiri."

Ta shanye, ta miƙo kofin na ƙara. Mama na bakin ƙofa, ta toshe baki da mayafi. Haka ta riƙa sha kullum daga hannuna, tana yamutsa fuska tana cewa Larabawa ba su san itace ba, har mako bakwai. Ba ta ga zuwan alhazai ba.

Allah Ya jiƙan Inna Kulu, Ya sanyaya makwancinta. Ta daɗe da ƙishin gida. Ya Allah Ka shayar da ita daga Alkausara, shan da ba ƙishi bayansa. Amin.